Waiwaye: Ƙananan hukumomin Birtaniya da dokar tsaron intanet

A Birtaniya, a Landan ake tsara dokokin intanet, amma ƙananan hukumomi ne ke da alhakin kare yara masu rauni da kula da tsofaffi. Shi ya sa tun da aka fara zancen suke cewa lallai a saurare su.

Gwamnati ta fitar da daftarin farko kan tsaron intanet a 2017. A shekarar ce wata yarinya 'yar shekara 14, Molly Russell, ta kashe kanta, kuma binciken da aka kammala a 2022 ya nuna abubuwan da take gani a shafukan sada zumunta sun taimaka wajen mutuwarta. Takardar manufofi ta biyo baya a Afrilun 2019, ƙudurin dokar tsaron intanet ya shiga majalisa a Maris 2022, ya zama doka ranar 26 ga Oktoba 2023. Hukumar Ofcom, mai kula da harkokin sadarwa a Birtaniya, aka ɗora wa aikin sa ido, tana iya cin kamfani tarar fam miliyan 18 ko kashi 10 cikin ɗari na cinikinsa a duniya, duk wanda ya fi yawa.

Kan kare yara babu jayayya. Ƙungiyar LGA, wadda ke magana da yawun ƙananan hukumomin Ingila, ta goyi bayan ƙudurin. Inda gizo ke saƙar shi ne kansilolin kansu. Kansila ba ɗan majalisar tarayya ba ne, ba shi da masu gadi, kuma wanda ya zage shi a Facebook da daddare yana iya zama maƙwabcinsa. Bayan kisan 'yar majalisa Jo Cox a 2016 da na ɗan majalisa David Amess a 2021, babu mai ɗaukar barazana da wasa. A 2022 LGA ta ƙaddamar da gangami kan cin zarafin kansiloli, tana cewa zagin da jama'a ke yi wa mutum ɗaya ca, ko da kowane saƙo bai kai laifi ba, yana korar mutane daga takara. Sai ga shi a ƙarshen shekarar gwamnati ta cire sashen da ya shafi kalaman da ke cutar da manya amma ba su saɓa wa doka ba, saboda ƙorafin masu kare 'yancin faɗar albarkacin baki. A ganina, nan ne kansiloli suka fi yin asara.

Tarzomar 2024, wadda ƙaryar da aka yaɗa kan maharin da ya kashe yara mata uku a garin Southport ta rura, ta sake tayar da batun labaran bogi, domin ƙananan hukumomi ne suka share tituna suka kuma shiga sasanta al'umma.

Akwai wata damuwar da ba ta cika shiga labarai ba. Kamfanonin sadarwa na sauya tsofaffin layukan wayar gida zuwa na intanet, alhali na'urorin neman agaji da tsofaffi da dama ke rataye a wuya da tsohon layin suke aiki, kuma sabon layin yana ɗaukewa idan wuta ta ɗauke. Da yawa daga cikin waɗannan na'urori ƙananan hukumomi ne ke samar da su. Da farko an sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin kammala sauya layukan, daga baya aka ɗage zuwa Janairun 2027.