RAID: Haɗa Faifan Ajiya a Kwamfutar Gida da Matsalolinsa

RAID hanya ce ta haɗa faifan ajiya biyu ko fiye su yi aiki tare, ta yadda Windows ko Linux ko macOS za su gan su tamkar faifai guda. Ana yin haka don ƙarin sauri, ko don kada bayanai su salwanta idan faifai ɗaya ya mutu, ko don duka biyun. David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka ne suka raɗa wa tsarin wannan suna a 1987, suka kuma gabatar da takardarsu a kai a 1988. Hujjarsu ita ce, tarin ƙananan faifai masu araha zai iya fin babban faifai guda mai tsada, muddin an yi tanadin ranar da ɗayansu zai lalace.

Matakan da aka fi amfani da su

RAID 0 yana yayyanka bayanai ya rarraba su a kan faifan. Yana da sauri, kuma ba a asarar gurbi, amma ba shi da kariya ko kaɗan: faifai ɗaya ya mutu, komai ya tafi. RAID 1 kuwa abu ɗaya yake rubutawa a faifai biyu, don haka faifai biyu masu terabait 2 kowanne terabait 2 kawai za su bayar. RAID 5 yana buƙatar aƙalla faifai uku, yana ware gurbin da ya kai girman faifai ɗaya don wani lissafi da ake sake gina abin da ya ɓace da shi. Faifai uku masu terabait 4 za su ba da 8, kuma tsarin zai jure mutuwar ɗaya. RAID 6 yana jure mutuwar biyu, RAID 10 kuma gamin 1 da 0 ne, kowannensu yana farawa daga faifai huɗu.

A dukkan waɗannan, ƙaramin faifai ne ke yanke hukunci. Wanda ya haɗa mai terabait 1 da mai terabait 4 a RAID 1, terabait 1 zai samu, sauran ukun sun zauna banza.

Wa ke riƙe da haɗin

Kafin a gano kowace matsala sai an san abin da ke riƙe da haɗin. Akwai kati na musamman mai ƙwaƙwalwar kansa, wanda aka fi samu a manyan kwamfutocin ofis. Akwai wanda ake kunnawa daga BIOS na madabod, wato saitin da kwamfuta ke fara tashi da shi a babban allon da kayan cikinta ke haɗe a kai, irin Intel Rapid Storage Technology ko RAIDXpert2 na AMD. Shi ne mafi yawa a gidaje, kuma shi ne mafi yawan ba da ciwon kai, domin rabinsa yana cikin BIOS, rabinsa yana cikin direban Windows, wato ƙaramar manhajar da Windows ke sarrafa na'urar da ita. Na uku shi ne na manhaja zalla: mdadm a Linux, Storage Spaces da ya zo da Windows 8 a 2012, da Disk Utility a macOS. Ga mai kwamfutar gida na ukun ya fi kwanciyar hankali, saboda idan madabod ya ƙone ana iya kai faifan wata kwamfuta a ci gaba da aiki, alhali na BIOS yakan nemi madabod mai irin guntun sarrafawa (chipset) na farkon. Sai dai ba a ɗora Windows kanta a kan Storage Spaces; na ajiyar fayiloli ne.

Jerin aikin ma yana da ƙa'ida. Ana fara saita BIOS, a gina haɗin, a zaɓi teburin rabon faifai, a yanka ɓangarori, sannan a yi fomat. Gina haɗi yana share abin da ke kan faifan, don haka ana kwashe kaya tun kafin a fara.

Matsalolin farko

Mafi shahara ita ce kwamfuta ta ƙi tashi bayan an shiga BIOS an sauya yanayin SATA, wato mahaɗar faifai da madabod, daga AHCI na yau da kullum zuwa RAID. Windows da aka ɗora a yanayi ɗaya ba ta loda direban ɗaya yanayin, sai ta tsaya da shuɗin allo mai rubutun INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Faifan lafiyarsa ƙalau. Mayar da saitin yadda yake yakan wadatar, wanda kuma ya nace sai ya sauya, sai ya sa Windows ta tashi a Safe Mode sau ɗaya a sabon yanayin don ta ɗauki direban da ya dace.

Ƙanwar wannan ita ce a zo ɗora Windows, a kai wurin zaɓar faifai, a tarar babu ko ɗaya. Direban RAID ne babu a cikin filashin da ake ɗorawa da shi. Ana sauko da shi daga shafin kamfanin madabod, a sa a filashi, a nuna wa Windows ta maɓallin loda direba. Kwamfutocin Intel daga zubi na 11 zuwa sama sun yawaita wannan, saboda fasahar sarrafa faifai ta Intel mai suna VMD da kan zo a kunne.

Tsofaffin faifai kuma suna zuwa da tarihinsu. Faifan da ya taɓa zama cikin wani haɗi yana ɗauke da alamar haɗin a farkonsa ko ƙarshensa, kuma fomat na yau da kullum ba lallai ya goge ta ba. Shi ya sa a kasuwar kayan gwanjo ake sayen faifai, kwamfuta ta ce na wani haɗi ne. A Linux ana goge alamar da umarnin wipefs ko mdadm --zero-superblock, a na BIOS kuma a mayar da faifan wanda ba na RAID ba daga cikin saitin.

Fomat da girman da ya ɓace

Faifan da aka rubuta wa terabait 1 yakan fito a Windows da gigabait 931. Ba zamba ba ce: kamfanoni da dubu-dubu suke ƙirga, Windows kuma da 1024. Amma idan haɗi mai terabait 6 ya fito da 2 kawai, sauran kuma suka ƙi yankuwa, laifin MBR ne, tsohon teburin rabon faifai, wanda iyakarsa kusan terabait 2 ce a faifai mai sassan bait 512. Maganin shi ne sabon teburin rabo mai suna GPT, kuma tayar da Windows daga GPT yana buƙatar BIOS ya kasance a sabon yanayinsa na UEFI.

Wajen fomat, tsarin fayiloli na Windows shi ne NTFS, ext4 ya fi yawa a Linux, APFS kuma na Apple. FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, don haka bai dace da wannan aiki ba. Fomat na gaggawa sabon tsarin fayiloli kawai yake shimfiɗawa. Cikakken fomat, tun daga Windows Vista, yana rubuta sifili a ko'ina yana kuma duba sassan da suka lalace; yakan ci awoyi a babban faifai, amma gara a gano faifai mai ciwo a lokacin da babu komai a kansa.

Idan faifai ya fice daga haɗin

Ba kowane faifan da ya fice ne ya mutu ba. Wayar SATA mai sako-sako ko akwatin wuta mai rauni sukan jawo haka, don haka su ake fara dubawa, sannan a karanta rahoton S.M.A.R.T., wanda faifan ke bayarwa kan lafiyar kansa. Wani dalilin shi ne faifan kwamfutar tebur yakan daɗe yana ƙoƙarin karanta sashen da ya lalace, mai kula da haɗin ya gaji da jira ya kore shi. Faifan da aka ƙera don wannan aiki yakan haƙura cikin kusan daƙiƙa 7 ya ba da rahoto. Akwai kuma faifan SMR, masu rubutu layi kan layi, da ke yin nauyi ƙwarai lokacin sake gini, wato cika sabon faifai da bayanan wanda ya mutu. A 2020 aka yi ce-ce-ku-ce da aka gano Western Digital na sayar da wasu faifan WD Red masu wannan fasaha ba tare da ya bayyana ba.

Sake gini shi ne lokaci mafi haɗari, musamman a RAID 5, domin dole a karanta sauran faifan kaf, kuma galibi sa'o'in juna ne, an saye su rana ɗaya, sun tsufa tare. Mai hankali yakan kwafe muhimman fayilolinsa tukuna, sannan ya sa sabon faifai. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu kuma tana iya barin bayanai da lissafinsu ba su yi daidai ba, abin da ba a ganewa sai ranar buƙata. A inda wuta ke zuwa tana tafiya kamar Najeriya da Nijar, RAID 5 ba tare da UPS ba ganganci ne.

Mafi munin asara kuwa daga hannun mai kwamfutar take fitowa. Ƙaramin batirin madabod, CR2032, idan ya ƙare, BIOS yakan koma saitinsa na asali, haɗin ya ɓace, Windows ta ga faifan a warwatse ta nemi a shirya su ko a yi musu fomat. Bayanan suna nan daram a lokacin. Amsa wa wannan tambaya da "to" ne ke lalata su. Abin yi shi ne a ƙi, a kashe kwamfutar, a sauya batirin, a mayar da yanayin RAID. Haka nan ba a gina sabon haɗi a kan tsoho da fatan kayan za su dawo, ba a kuma sakin manhajojin gyaran faifai irin chkdsk ko fsck a kan haɗin da bai cika ba.

Abin da RAID ba ya karewa

Fayil ɗin da aka goge bisa kuskure yana gogewa a duk faifan nan take, haka ma wanda bairos ya kulle. Sata da gobara da wutar da ta zo da ƙarfi duk faifan suke haɗawa. Shi ya sa ake ajiye kwafi dabam a faifan waje ko a intanet, ko da haɗin yana aiki lafiya.