Kafin ka biya kuɗin ƙarin garantin tarakta, ka raba ta da gyaran bakin gona

Duk lokacin da damina ta ƙarato, tambayar nan sai ta iso mu a ofis. Alhaji ya sayi sabuwar tarakta, ko ƙungiyar manoma ta yi karo-karo ta ɗauko guda, dila ya ce a ƙara kuɗi a tsawaita garanti, sai a zo ana cewa, "Malam, in biya ko in bari?" Amsata ɗaya ce. Ƙarin garanti yana da amfani, amma ga wanda zai kiyaye sharuɗɗansa. Da yawa daga cikin waɗanda nake gani a nan Kano, garantin farko ma da aka ba su kyauta, da hannunsu suke kashe shi tun fenti bai dusashe ba.

Ga yadda ake yi. Tarakta tana haro a Kura ko Kadawa, sai ta fara tari, hayaƙi ya yi baƙi. Direba ya buga wa maigida waya, maigida ya ce a nemo bakanike na kusa. Ya zo da sifanunsa, ya shimfiɗa buhu a bakin gona, ya yanke hatimin da kamfani ya sa, ya zazzage famfon injekta (mai tura gas cikin inji) cikin ƙura, aka tura yaro kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo nozul (bakin da ke fesa gas) da ba wanda ya san asalinsa. Ta tashi, kowa ya yi hamdala. Bayan 'yan watanni injin ya buga, a nan ne ake tuna akwai takardar garanti a cikin durowa. Injiniyan dila kallo ɗaya zai yi wa famfon ya gane an taɓa, kuma magana ta ƙare ke nan. Sai ka ga dattijo ya zo mana ransa a ɓace yana cewa an cuce shi. Alhaji, ba a cuce ka ba, yana rubuce a takardar da ka sa wa hannu.

Ba raina kanikawanmu nake yi ba, su ne suka riƙe tsofaffin taraktocin jihar nan da rai. Amma muddin tarakta tana cikin garanti, Massey Ferguson ce, John Deere ce ko Mahindra, kada kowa ya kwance mata inji sai wanda dila ya aiko. Na faɗa a taro, na faɗa a gona, har na gaji da faɗa, kuma gobe ma wani zai yi. Don Allah ku daina!

Haka maganar sabis. Garantin tarakta da shekara da awa ake lissafa shi, wanda ya riga cika shi ne ƙarshensa. Mai ba da haya, wanda motarsa ba ta hutawa daga Mayu zuwa Yuli sannan ta shiga noman rani, yana iya cinye awanninsa shekarun ba su cika ba. Yawancin taraktoci ana yi musu sabis ɗin farko a awa 50, a riƙa juye baƙin mai wajen kowace awa 250, kuma littafin motarka shi zai faɗa maka daidai. In ba a buga hatimi a littafin ba, a wurin kamfani ba a yi ba. Direban da ke zare wayar mitar ƙidayar awa don ya saci aikin dare, ba kuɗin haya kawai yake ci maka ba, har garantin yake ɓatawa. Gas ɗin jarka na 'yan bumburutu kuwa, in da ruwa ko kananzir a ciki ya lalata injekta, babu kamfanin da zai biya.

To wa ya kamata ya saya? Wanda ya ci bashi ya sayi motar, ko mai haya da ke tara awanni da yawa. Inji, giyabos da haidirolik su ne masu karya mutum, kayansu daga waje suke zuwa, farashinsu dala yake bi, shi kuwa ƙarin garanti yau ka san abin da ka biya. Wanda gonarsa kaɗai zai noma, ko dilansa ba shi da garejin gyara a kusa, gara ya ware kuɗin ya ajiye don sabis. Garanti ba ya biyanka asarar damina in mota ta yi mako uku a tsaye cikin watan Yuni tana jiran kaya.

'Yan'uwa, na san guminku ne a cikin ƙarfen nan, shi ya sa nake ɗaga murya. Kafin ka miƙa kuɗi:

- A rubuta maka shekaru nawa, awa nawa.
- A lissafa abin da babu a ciki. Taya, batir, filta, fanbel da faifan kulochi galibi kai za ka saya.
- Tambayi wa zai biya kuɗin zuwan injiniya gona, kuma cikin kwana nawa zai zo.
- Je ka ga garejin da shagon kayan da idonka.
- Adana kowane rasit, ka riƙa duba mitar da kanka duk mako.
- Ka ba direba lambar dila, ka ce masa in ta tsaya ya kashe ta ya kira su, kada ya kira wani.