Otal-otal na Bakin Teku Masu Tsarin Biya-ɗaya

Otal mai tsarin biya-ɗaya masauki ne na masu yawon shaƙatawa wanda baƙo ke biyan kuɗinsa a dunƙule tun kafin ya iso. Kuɗin ya ƙunshi ɗakin kwana, da abinci sau uku a rana, da abin sha, da 'yan ƙwalam na tsakanin abinci, da wasanni da nishaɗin da ake shiryawa a cikin harabar otal ɗin. Masu sayar da tikitin jirgi a Abuja sukan kira shi da sunansa na Turanci, "ol-inkulusif", wato komai na ciki. Manyan irin waɗannan otal-otal kan kai ɗaki ɗari biyar, wasu ma sun haura dubu, da gidajen cin abinci da yawa, da wuraren ninƙaya, da sashen kula da yara, da bakin teku nasu na kansu. Ranar da baƙo ya sauka ake ɗaura masa wani ɗan zobe na roba a wuyan hannu. Launin zoben ne ke gaya wa ma'aikata irin kuɗin da ya biya da abin da ya halatta a ba shi, kuma ba a cire shi sai ranar tafiya.

Asali

Tun a 1936 Billy Butlin ya buɗe sansanin hutu a Skegness da ke Ingila, inda ma'aikata masu ƙaramin ƙarfi ke biyan kuɗin mako guda su samu kwana da ci da wasa. Amma tsarin da aka sani yau ana danganta shi ne da Club Med, wanda Gérard Blitz, ɗan ƙasar Beljiyam, ya kafa a 1950. Masaukinsa na farko yana Alcúdia a tsibirin Mayoka na ƙasar Sifaniya, kuma ba gini ba ne, tantuna ne aka kakkafa a bakin ruwa. Gilbert Trigano, wanda gidansu ke sayar da tantunan, shi ne daga baya ya shiga kamfanin ya bunƙasa shi. A shekarun farko abin sha na mashaya ba ya cikin kuɗin. Baƙi na biya ne da wasu duwatsun ado da suke ratayawa a wuya, don kada a riƙa ganin kuɗi na yawo. Kamfanin Fosun na ƙasar Sin ya sayi Club Med a 2015.

A yankin Karibiyan kuwa, Gordon Stewart, wanda aka fi sani da Butch, ya buɗe otal ɗin Sandals na farko a Montego Bay da ke Jamaika a 1981, na masu zuwa bibbiyu kawai, ban da yara. Daga nan tsarin ya mamaye Punta Cana a Jamhuriyar Dominika da Kankun a Meksiko, sannan Antaliya a Turkiyya, da Hurgada da Sharm el-Sheikh a Masar.

Abin da "komai" ya ƙunsa

Otal-otal na sayar da ɗaki hawa-hawa. Akwai ɗaki zalla, akwai ɗaki da karin kumallo, akwai wanda ake ƙara abincin dare, akwai mai abinci uku ban da abin sha, sai biya-ɗaya a sama. Wasu, musamman a Turkiyya, suna ƙara wani hawan da suke kira "ultura", mai abinci dare da rana da abin sha na ƙasashen waje. Babu wata doka ta duniya da ta ƙayyade ma'anar waɗannan sunaye, kamar yadda taurari biyar na wata ƙasa ba lallai su zo daidai da na wata ba. Kowane otal shi ke yanke nasa "komai".

Abubuwan da aka saba cirewa su ne tausa da gyaran jiki, da wanki da guga, da wasannin ruwa masu inji, da nutso cikin teku da tukunyar iska, da fita yawon gari, da ganin likita. Babban ɗakin cin abinci na ɗebi-da-kanka ne, a buɗe ga kowa. Ƙananan gidajen abinci na musamman, kamar na Italiya ko Indiya ko na kifi, sau da yawa sai an kama wuri tun da safe, wani otal ɗin ma sau ɗaya ko biyu kawai yake yarda baƙo ya shiga a mako. Tukuicin ma'aikata wani wurin yana cikin kuɗin, wani wurin kuma ana sa ran baƙo ya miƙa da hannunsa.

Inda lissafin ya fi shafar iyalin da suka taso daga Abuja ko Jos shi ne maganar giya. An gina farashin biya-ɗaya ne bisa tsammanin baƙo zai sha barasa daga hantsi har dare, kuma wannan tsammanin yana cikin kuɗin kowa, mai sha da wanda ba ya sha. Har ta kai hukumomin tsibiran Baliyarik na Sifaniya sun yi doka a 2020 da ta taƙaita wa baƙin irin waɗannan otal-otal kofin giya shida a rana a wasu unguwannin Mayoka da Ibiza. To magidancin da shi da matarsa da 'ya'yansa ba sa wuce shayi da lemo da ruwa, yana biyan wani ɓangare na abin da maƙwabcinsa na teburi ke sha ne. Ga irin wannan iyali, sau da yawa hawan abinci uku ko na safe da dare ya fi dacewa, in dai akwai gidajen abinci a kusa da otal ɗin. In kuwa otal ɗin a tsibiri yake shi kaɗai, kamar yadda ake yi a Maldibs, inda kwalbar ruwa ma sai a hannunsu za a saya, to biya-ɗaya na iya zama rangwame ko ga wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba. Haka ma mai yara da yawa, domin yaro a bakin ruwa ba ya daina jin yunwa.

Halal da sutura

A Masar da Turkiyya da Maldibs da Zanzibar da Gambiya da Senegal, inda Musulmi suka fi yawa, naman da ake sayowa galibi yankan Musulmi ne, ko da yake wasu otal-otal na ajiye naman alade a gefe guda don baƙin Turawa, da alama a jikinsa. A Karibiyan da Meksiko lamarin ya sha bamban: alade na cikin abincin yau da kullum, kuma cokalin da aka ɗebi wannan da shi ana iya tsoma shi cikin wancan. Mai kiyayewa yakan koma ga kifi da ƙwai da ganye.

A gaɓar Antaliya, musamman wajen Alanya, akwai manyan otal-otal da aka gina don iyalan Musulmi: ba giya ko kaɗan, akwai masallaci, akwai wurin ninƙaya na mata zalla da aka kewaye, mata ne ma'aikatansa, wani wurin ma ana karɓe waya a ƙofa don kada a ɗauki hoto. Antaliya dai ba duk shekara ake zafi a can ba. Lokacin sanyi tekunta ba ya shiguwa, kakarta daga Mayu ce zuwa Oktoba. A sauran otal-otal kuwa kowa da irin shigarsa, kuma wasu na da ƙa'ida kan tufafin da ake shiga ruwa da su. Mace mai son ninƙaya da doguwar rigar iyo mai rufe jiki gara a tambayar mata a rubuce kafin a biya. Akwai kuma otal-otal na manya zalla, waɗanda ba sa karɓar yara, kuma yawancinsu kiɗa da rawar dare ne kasuwarsu.

Wurare da lokutansu

Babban hutun makarantu a Najeriya yana faɗowa ne daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, sai gajeren hutun Disamba. Wannan kaɗai ya isa ya tace jerin wuraren zuwa.

Zanzibar na cikin rani daga Yuni zuwa Oktoba, don haka ta dace da dogon hutu. Ruwan sama mai ƙarfi daga Maris ne zuwa Mayu, lokacin da farashi ke faɗuwa, wasu otal-otal ma su rufe. Sai dai gaɓar tsibirin ba ɗaya ba ce. A gabas, wajen Kiwengwa da Paje da Jambiani, teku na janyewa da nisa sosai sau biyu a yini, ya bar fili na yashi da duwatsu da gonakin ciyawar teku, sai bayan sa'o'i ya ciko. Hoton talla ba ya nuna wannan. A arewa, wajen Nungwi da Kendwa, janyewar kaɗan ce, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci. Tun daga Oktoban 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshora tata ta dala 44, ko da mutum na da wata.

Maldibs ta buɗe masaukinta na farko, Kurumba, a 1972, kuma tsarinta shi ne otal ɗaya a tsibiri ɗaya. Ana ba da bizar kwana 30 a filin jirgi. Abin da kan ba baƙo mamaki shi ne kuɗin ƙarasawa daga Male, babban birnin ƙasar, zuwa tsibirin, ko da kwalekwale mai inji ko da ƙaramin jirgin sama mai sauka a kan ruwa. Wannan jirgin da rana kawai yake tashi, saboda haka wanda ya sauka Male da dare sai ya kwana a can, a kuɗinsa. Rani a Maldibs daga Disamba ne zuwa Afrilu.

Gaɓar Bahar Maliya a Masar ruwanta a kwance yake, ga murjani da kifaye masu launi, amma a Yuli da Agusta zafi kan kai digiri 40. Mutumin Jos da ya saba da sanyin tsauni ya yi la'akari da wannan. Karibiyan kuwa lokacin mahaukaciyar guguwa ne daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma tun 2011 wata ciyawar teku mai suna sargasam ke tururuwa zuwa gaɓar Meksiko da tsibiran yankin, ta ruɓe a kan yashi tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ga nisa, ga matsalar bizar ƙasashen da ake yada zango.

Kusa da gida akwai Gambiya, da Saly da Cap Skirring a Senegal, da tsibiran Sal da Boa Vista na Kef Bade. Duk cikin ƙungiyar ECOWAS suke. Kakar Gambiya da Senegal daga Nuwamba ce zuwa Afrilu, ta yi daidai da hutun Disamba.

Girma da teku

Babban otal na da yalwar abinci da wurin wasan yara, kuma farashin ɗakinsa kan fi sauƙi. Amma ba girin-girin ba, ta yi mai. A otal mai ɗaki dubu, tafiya daga ɗaki zuwa wurin cin abinci na iya cin minti goma sha biyar, abin da zai wahalar da dattijuwa mai ciwon gwiwa. Ana layin abinci, ana kuma rige-rigen kujerun bakin ruwa tun da sassafe. Bambancin "ɗaki mai kallon teku" da "ɗaki na bakin teku" kuɗi ne mai yawa, kuma na farkon wani lokaci sai an leƙa ta gefen baranda kafin a hango ruwan.

Yawancin masu tasowa daga Abuja da Jos ba su girma kusa da teku ba, wanda ya iya iyo ma a kududdufi ko dam ya koya. Teku na da wata igiya mai jan mutum daga gaɓa zuwa ciki, kuma gaɓar Atilantika ta Afirka ta Yamma ta yi suna da ita. Jar tuta a bakin ruwa na nufin kada a shiga. Ba kowane otal ke da mai gadin ceto ba, kuma wannan tambaya ce da ta fi yawan gidajen abinci muhimmanci ga mai yara.

Shiri daga Abuja da Jos

Filin jirgin Yakubu Gowon da ke Heipang na zirga-zirgar cikin gida ne, don haka mutumin Jos kan biyo hanyar Akwanga da Keffi zuwa filin Nnamdi Azikiwe na Abuja. Daga nan Ethiopian Airlines na bi ta Addis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, Turkish Airlines ta Istanbul, Qatar Airways ta Doha. Ana ƙirga kuɗin otal ne da dare, saboda haka jirgin da ya sauke mutum da tsakar dare ya cinye masa kwana guda na abincin da ya riga ya biya. Yawancin ƙasashe na son fasfo ya rage masa aƙalla wata shida, kuma mai fitowa daga Najeriya ana neman katinsa na rigakafin shawara. Allurar na fara aiki a takarda ne bayan kwana goma, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ya isa har ƙarshen rayuwa.

Farashin otal da dala ko yuro yake, kuma tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a Yunin 2023, abin da aka faɗa wa mutum yau ba lallai ya zama shi ne gobe ba. Wannan ma na cikin abin da ke jan 'yan Najeriya ga tsarin: an biya an huta, sai 'yar dalar aljihu da aka canzo a Wuse Zone 4. Hatsarinsa kuma nan yake, domin kuɗin duka ya riga ya fita. Farashi mafi araha galibi shi ne wanda ba a mayar da ko kwabo in biza ta ƙi fitowa ko tafiya ta rushe.

Suka

Babban ƙorafin da ake yi wa tsarin shi ne yana tsare baƙo a bayan katanga. Wanda ya riga ya biya abincinsa ba zai fita ya ci a gari ba, sai mai gidan abinci da direban tasi da mai sayar da kayan tsaraba su tashi a tutar babu, ribar kuma ta koma ƙasar masu otal da masu shirya tafiya. Masu kare shi kan ce yana ɗaukar ma'aikata da yawa kuma yana cika ɗakuna. Gwamnatin Gambiya ta haramta shi a 1999 saboda koken 'yan kasuwarta, amma da manyan kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Turai suka matsa mata lamba, sai ta janye haramcin a shekarar da ta biyo baya.