Cibiyar da ke Koya wa Farfesoshi Koyarwa: Labarin CRLT ta Jami'ar Michigan

Wai shi ma malamin jami'a sai an koya masa koyarwa?

Ƙwarai kuwa. Digirin digirgir bincike yake koya wa mutum, ba tsayuwa gaban aji ba. Duk wanda ya yi jami'a ya san irin farfesan da ya sha fanninsa kamar ruwa, amma a tashi daga laccarsa ba wanda ya fahimci komai. Wannan ne ya sa Jami'ar Michigan da ke Ann Arbor a Amurka ta kafa cibiyar bincike kan koyo da koyarwa a 1962, wadda ake kira CRLT. Ita ce ta farko irinta a ƙasar.

Wa ya fara jan ragamarta?

Stanford Ericksen, masanin halayyar ɗan Adam. Shi ya riƙa tura wa malamai gajeriyar takarda lokaci-lokaci, yana fayyace musu abin da bincike ya gano kan yadda ɗalibi ke koyo.

To yau me take yi wa malami?

Aikinta ya karkata daga bincike zuwa taimakon malami kai tsaye. Misalin da ya fi burge ni shi ne jin ra'ayin ɗalibai a tsakiyar zango. Ma'aikacin cibiyar zai zauna ya kalli darasi, sannan malamin ya fita. Sai a raba ɗalibai rukuni-rukuni su faɗi abin da ke taimaka musu da abin da suke so a gyara. Bayan haka a zauna da malamin shi kaɗai a gaya masa, tun da sauran lokacin gyara. Daga 2000 ma suna da 'yan wasan kwaikwayo da ke nuna wa malamai matsalolin aji a dandamali, a tattauna.

Malamai ba sa ganin kamar sa ido ake yi musu?

Da abin da aka ji yana isa teburin masu ƙarin girma, da ba wanda zai leƙa. Sirri ne tsakanin malami da mai ba shi shawara, kuma shi ke neman a zo.

Wasu sun bi sahu?

Jami'ar Harvard ta buɗe tata a 1975, wadda daga baya aka raɗa wa sunan Derek Bok, tsohon shugaban jami'ar. A 1976 kuma masu wannan aiki suka kafa ƙungiyarsu, POD.