Me ake nufi da "baƙon tsuntsu" a lokacin hunturu?

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, masu lura da tsuntsaye a fadamun Haɗeja da Nguru sukan yawaita ambaton "baƙon tsuntsu". A bakin mutanen gari, duk tsuntsun da ido bai saba da shi ba baƙo ne. A wurin masu wannan fanni kuwa ma'anar ba ta kai haka faɗi ba. Baƙon tsuntsu shi ne wanda aka gani a wajen yankin da irinsa ya saba zama ko ratsawa, ko a lokacin da bai kamata a same shi ba. Wuri da lokaci ake dubawa, ba kyan gashi ko girman jiki ba.

Ɗauki shamuwa. A watan Yuli babu mai ɗaga kai ya kalle ta a kan kuka, domin da damina take zuwa, ta yi sheƙa, ta ƙyanƙyashe, ruwa na ɗaukewa ta nufi gabashi da kudancin Afirka. Amma shamuwa a ƙasar Kano cikin Janairu abin rubutawa ce. 'Yar'uwarta ta Turai, fara mai jan baki da jajayen ƙafafu, akasin haka take: can take haihuwa, nan take cin hunturu. Ita ba baƙuwa ba ce, 'yar ci-rani ce da ake sa ran zuwanta duk shekara. Haka ma ƙaramar agwagwar nan da masana ke kira Spatula querquedula, wadda ke sauka dubbai a tafkin Nguru, da Dagona ta ƙasar Bade, da Baturiya a Jigawa. Akwai kuma tsuntsun da ɗan gida ne amma ya yi ƙaranci, kamar gauraka, wanda farauta da kamu don sayarwa suka kusa ƙarar da shi a Najeriya. Ganinsa labari ne babba, sai dai ba a kiransa baƙo.

Abin da ke ɓatar da tsuntsu yakan zama ɗaya daga cikin uku. Iska mai ƙarfi ta ture shi daga hanya yana tsakiyar tafiya, kamar yadda wasu tsuntsayen bakin ruwa na Amurka kan faɗo gaɓar Senegal da Ghana. Ko ya zarce inda danginsa ke tsayawa. Ko kuma, wanda ya fi yawa, ɗan bana ne da ke tafiyarsa ta farko, ya ɗauki alƙiblar da ba ita ba. Tsallaka Sahara tafiya ce ta fiye da kilomita 1,500, kuma wasu ƙananan tsuntsaye sai sun tara kitsen da ya kusa ninka nauyinsu kafin su tunkare ta. Wanda kitsensa ya ƙare zai sauka a ruwan farko da ya gani, ko da kududdufin bayan gari ne.

Da yawa daga cikin rahotannin baƙon tsuntsu, idan aka bi diddigi, kuskure ne. Babban mai ruɗa mutane shi ne canjin gashi. Tsuntsayen Turai suna iso mana cikin gashin hunturu, ruwan ƙasa-ƙasa marar ado, alhali hoton da mai koyo ya fi riƙewa na lokacin haihuwa ne. Calidris pugnax, wani mai dogayen ƙafafu da ke cika gonakin shinkafa a fadama, ya isa misali. Namijin ya fi macen girma nesa ba kusa ba, ƙafafun wani ruwan lemo, na wani kore-kore, wasu mazan kuma kansu fari fat. Garke guda sai ya yi kama da iri uku ko huɗu. Ga ƙurar hunturu da ke dusashe launi, baƙi ya koma toka-toka. Ga tsuntsun da aka haifa da farin gashi a inda ya kamata a ga baƙi. Ga wanda ya tsere daga keji: aku a kan bishiyar dalbejiya cikin birnin Kano ba daga dajin kudu ya taso ba, daga gidan wani ya fito.

Yawan ganin tsuntsun da ba a saba gani ba ma ba ya nufin irinsa ya ƙaru. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamun ta ragu, kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama. A shekarar da ruwa ya yi ƙaranci tsuntsaye sukan cunkushe a 'yan tafkunan da suka rage, sai wanda a da yake ɓuya ya fito fili.

Saboda haka gani kaɗai ba ya zama hujja. A fita daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 10, a tsaya rana tana bayan mutum. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ko 10x42 ya wadatar. A babban tafki sai an haɗa da mai ƙafa uku da ke kusanto da abu sau 20 zuwa 60. Kafin a buɗe littafi a rubuta abin da ido ya gani: girmansa idan an gwada da tsuntsun da ke kusa da shi, kamar balbela ko kirinjijiya, tsawon baki da lanƙwasarsa, launin ƙafa, zanen fiffike idan ya tashi, kukansa, da yadda yake cin abinci. Wanda ya fara buɗe littafi, abin da ke littafin zai riƙa gani a jikin tsuntsun. Sannan a ɗauki hoto da yawa, ko da ta hanyar manna kyamarar waya a idon madubin ne, a naɗi kukan, a rubuta rana da sa'a da lambar wurin daga taswirar waya. Kada a kore shi don a ga fiffikensa. Tsuntsun da ya sha doguwar tafiya kowane tashi ƙarfinsa yake ci.

Rahoto yakan tafi manhajar eBird, ko BirdLasser wadda shirin taswirar tsuntsayen Najeriya ke amfani da ita ƙarƙashin cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos. A shirin taswirar an yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, kowanne kimanin kilomita 9 a kowane gefe, kuma cikakken rahoto sai an yi aƙalla sa'a 2 ana dubawa. Idan abin da aka shigar bai dace da wurin ko lokacin ba, masu tantancewa za su nemi hoto ko bayani. Wannan ba zargi ba ne, ko ƙwararre ana tambayarsa. Sai dai idan gauraka ne ko ungulu, kada a baza ainihin wurin a Facebook, domin masu kamu ma suna karantawa.

Zoben da masu bincike ke saka wa tsuntsu a ƙafa ya fi kowane hoto ƙarfin hujja. Na ƙarfe yana ɗauke da lamba da sunan cibiyar da ta saka shi, na roba mai launi kuwa ana iya karanta shi daga nesa. A kwafe haruffa da lambobin daidai, a faɗi ƙafar da yake da jerin launukan daga sama zuwa ƙasa, a aika wa EURING, ƙungiyar cibiyoyin saka zobe ta Turai, ta shafinta na intanet. Idan a mace aka tarar da tsuntsun, musamman in suna da yawa a wuri guda, kada a taɓa da hannu, a sanar da jami'in dabbobi, saboda murar tsuntsaye da ta fara ɓulla a Najeriya a 2006.