Shin da gaske kifin teku ba ya ƙarewa?

An daɗe ana cewa kifin teku ba ya ƙarewa, tunda uwa ɗaya na zuba miliyoyin ƙwai. Kifin kod, wani babban kifin teku, na yin haka, amma ƙalilan ke rayuwa, kuma a ruwa mai tsananin sanyi sai ya shekara biyar ko fiye yake fara haihuwa.

A gaɓar Niyufanlan ta Kanada an kama tan sama da 800,000 na kifin kod a 1968. A 1992 dole aka dakatar da kamun, domin kifin ya kusa ƙarewa. Abin da ya ruɗi mutane shi ne, ragowar kifin na cunkushewa wuri guda, manyan jirage su gano su da na'ura, taru ya cika taf. Masuntan bakin gaɓa kuwa tuni suka lura kifin na ƙanƙancewa.

Cikar kwando ba hujja ba ce. A auna tsawon kifin, a ƙirga awannin da aka ɓata, a kwatanta da shekarun baya.

Don Allah a tura wa wasu.