Lokacin jiran biza daga cikin Kanada: layin wa ake ƙirgawa?

'Yan watannin nan babu maganar da ta cika mini kunne kamar "lokacin jira". Masu gajerun bidiyo, masu shirin kai tsaye a Facebook, har da wasu masu gabatar da shiri a rediyo, kowane mako sai wani ya fito ya ce lokacin jiran bizar ziyara daga cikin Kanada ya sauko, ya koma kwana kaza, duk wanda ke can ya hanzarta ya sabunta zamansa. Wasu da Turancin ma suke faɗa, furosesin tayim. Lambar da suke karantowa ba ƙarya ba ce, daga shafin ma'aikatar shige da fice ta Kanada, wato IRCC, suke ɗauko ta. Abin da ke ɓata mini rai shi ne wutsiyar da suke maƙala mata, "ya sabunta zamansa". Kalmomi uku ne, amma sun isa su sa mutumin da ya shiga ƙasa da halal ya wayi gari ba shi da izinin zama a cikinta.

Na san dalilin da ya sa maganar ta yi zafi. A Janairun 2024 Kanada ta sa iyaka ga yawan izinin karatu da za ta bayar. A ranar 28 ga Agustan shekarar ta rufe damar da ta buɗe tun 2020, wadda ke bai wa baƙo mai ziyara ikon neman izinin aiki ba tare da ya fita ba. A Nuwamba ta daina ɗaukar biza mai shiga da fita ta shekara 10 a matsayin abin da aka saba bayarwa, ta bar wa jami'i ya yanke ko shiga ɗaya ce ko da yawa, da kuma tsawon wa'adi. Sannan aka yi ta yawo da adadin takardu kusan miliyan 5 da wa'adinsu zai cika zuwa ƙarshen 2025, 'yan siyasa da masu sharhi suna magana kamar mutum miliyan 5 ne za a tasa ƙeyarsu, alhali ƙidayar takardu ce iri-iri. Hankali ya tashi, kuma wanda hankalinsa ya tashi duk lambar da ya ga ta fi ƙanƙanta ita yake bi.

Kalmar biza kanta ta isa ta warware rabin rikicin, da ana tsayawa a dube ta. Asalinta Latin ne. Visa na nufin abin da aka gani, daga aikatau videre, wato gani, kuma cikakkiyar maganar ita ce charta visa, takardar da aka gani. Ta bi ta Faransanci ta shiga Turanci, mu kuma da ta iso bakinmu muka mai da harafin farko ya koma b, kamar yadda muka yi wa bidiyo. To, wa ya gani, me kuma ya gani? Jami'in ƙasar da kake son zuwa ne, yana zaune a ofishinsa tun kana gida, ya duba takardunka ya buga shaidar cewa ya gani, bai ga abin da zai hana ka tasowa ba. Iyakar abin da ya ce ke nan. Ya ba ka damar ka iso ƙofa ka yi sallama. Amsa sallamar, da cewa shigo, da yanke kwana nawa za ka yi, aikin wani mutum ne daban, jami'in kan iyaka da ke filin jirgin Toronto ko Montreal ko Vancouver, wanda ma ba a ƙarƙashin IRCC yake ba, hukumar tsaron iyaka ta CBSA ce ta ajiye shi. Ina son wannan asali na kalmar saboda bai yi wa kowa alƙawarin da ya fi ƙarfinsa ba. An gani. Mu ne muka loda mata ma'anar masauki, har muke cewa wane yana zaune a Kanada da biza, bizarsa ta kusa ƙarewa za a kore shi.

Ba laifinmu kaɗai ba ne. A Ostireliya bizar ita ce izinin zaman, shi ya sa wanda ya nemi sabuwa daga ciki kafin tsohuwar ta mutu ake ba shi wata ta wucin gadi, bizar gada, ta riƙe shi har a yanke hukunci. Wanda ya ji wannan daga bakin ɗan'uwansa da ke Sidni sai ya ɗauka haka abin yake ko'ina. Kanada da Amurka kuwa sun raba abubuwan gida biyu. A Kanada biza ita ce takardar da ake liƙa wa a fasfo, ta shiga. Izinin zama abu ne daban mai ranarsa. Ga baƙo mai ziyara yawanci wata 6 ne daga ranar da ya shiga, sai in jami'in iyaka ya rubuta wata ranar ko fasfon ya riga ƙarewa. Kana iya riƙe biza mai rai har 2030 alhali izinin zamanka ya mutu jiya. Kana kuma iya zama da cikakken izini shekara biyu bayan bizar da ke fasfonka ta mutu, babu wanda zai ce maka uffan muddin ba ka fita ba.

To layin da ake karanto lambarsa kullum, bizar ziyara daga cikin Kanada, na su wa ne? Na mutanen da ke da izinin karatu ko izinin aiki mai rai ne, waɗanda bizar fasfonsu ta ƙare ko ta kusa, ko ta shiga ɗaya ce, suna kuma son su fita su dawo. A nan ina ganin ma'aikatar da kanta ta ƙara dagula lamarin. Ɗalibar da ta shekara uku tana karatu a Winnipeg an ce mata ta nemi "bizar ziyara", baƙon da ya zo ziyara ta gaskiya kuma an ce wannan layin ba nasa ba ne. Sunan yana kiran wanda ba a nufa, ya bar wanda ake nufi cikin shakka. Abin da baƙo ke buƙata in yana son ƙara kwana shi ne takardar ƙarin wa'adin zama, wadda suke kira bizita rekod. Kuɗin nemanta dalar Kanada 100, kuɗin neman biza ma dala 100, wannan ma yana taimaka wa ruɗanin. Amma layinta daban ne, kuma sau da yawa yayin da layin biza ke nuna 'yan makonni, nata watanni yake nunawa.

A ɗauka wata dattijuwa ta je Calgary wurin 'yarta da ta haihu. Ta sauka ranar 1 ga Maris, ba a buga mata wata rana ba, saboda haka izininta zai kai 1 ga Satumba. Bizar da aka ba ta ta shiga ɗaya ce. Watan Agusta ya kama, jaririn bai yi ƙwari ba, uwar za ta koma aiki, aka ce Hajiya ta ƙara wata uku. Surukinta ya buɗe shafin lokacin jira, ya ga layi biyu. Ɗaya ya ce biza daga cikin ƙasa, makonni kaɗan. Ɗaya ya ce ƙarin wa'adi, watanni. Ya yi lissafin da kowane mai hankali zai yi in bai san bambancin ba: in na bi na watannin, Satumba za ta wuce ba a amsa ba, Hajiya ta zama mai zaman haram, gara in bi mai sauri. Ya cike, ya biya, ya ce mata Hajiya ki kwantar da hankalinki, an nema.

Lissafin a kife yake, kuma nan ne abin ke mini ciwo. Dokar Kanada ta ce wanda ya nemi ƙarin wa'adin zama kafin izininsa ya ƙare, izinin nasa yana nan da ransa har ranar da za a yanke hukunci, ko da an ɗauki wata biyar, muddin bai bar ƙasar ba. Wato dogon layin da surukin ya guje wa shi ne mai rufin asiri. Tsawonsa bai cutar da Hajiya da komai ba, zamanta halal ne duk tsawon jiran. Gajeren layin kuwa ba ya riƙe wa kowa izini, domin biza ba ta taɓa zama maganar zama ba. Ranar 2 ga Satumba Hajiya ta tashi ba ta da izini, tana renon jika ba ta san an yi ba. Sauri ya haifi nawa. Abin da ya rage mata shi ne kwana 90 na neman a maido mata da izinin, zuwa ƙarshen Nuwamba ke nan, da ƙarin kuɗi, kuma ba dole ne a amince ba. Ko an amince, tabon yana nan, domin takardar neman biza ta gaba tana tambaya ko ka taɓa wuce wa'adin zamanka a Kanada. In ta ce e, sai ta yi bayani. In wani mai cike mata takarda ya ce a rubuta a'a don a huta, an shiga babin ba da bayanin ƙarya, wanda hukuncinsa haramcin shiga na shekara 5 ne. Duk wannan daga karanta layi ɗaya a maimakon na kusa da shi. Ma'aikatar tana ba da shawarar a nemi ƙarin wa'adi aƙalla kwana 30 kafin izini ya cika, kuma wa'adin izinin daga ranar shiga ake ƙirga shi, ba daga ranar da ke jikin bizar ba.

Ita kanta lambar fa? Ko ga wanda layin nasa ne, ana yi mata mummunar fahimta. Mutane suna karanta ta kamar ranar alƙawari. Ga takardun zama na ɗan lokaci, ma'aikatar waiwaye take yi, ta duba makonni 8 ko 16 da suka wuce, ta fitar da tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta gama kashi 80 cikin 100 na takardun, ta kuma sabunta lambar duk mako. Labarin waɗanda aka riga aka sallama ne. Kuma tun daga ginin lissafin, mutum ɗaya cikin biyar ya wuce wannan lambar, babu inda aka nuna da kwana nawa ya wuce ta. Wannan ɓangaren ban taɓa gamsuwa da shi ba. Wanda ya faɗa cikin kashi 20 ɗin shi ne ya fi kowa buƙatar bayani, shi ne kuma lambar ba ta ce masa komai ba. Yana iya yiwuwa binciken tsaro ne ya riƙe shi, ko an nemi ƙarin takarda, ko dai aiki ne ya taru, kamar yadda ya faru lokacin yajin aikin ma'aikatan gwamnatin tarayya da aka fara ranar 19 ga Afrilun 2023. Shi dai abin da yake gani, abokinsa da suka nema rana ɗaya ya samu, nasa shiru. Daga nan wasu ke sake biyan kuɗi su aika wata sabuwar takarda, wadda ba ta matsar da ta farkon ko taku ɗaya.

Agogon kuma yana farawa ne ranar da cikakkiyar takarda ta isa, ya tsaya ranar da aka yanke hukunci. Abin da ke bayan hukuncin ba ya cikin ƙidaya, kuma shi ne ke kama ɗalibai. An amince, madalla, amma biza abu ce da ake liƙawa. Za a aiko maka da wasiƙar neman fasfo, ka sa shi a gidan waya zuwa Ottawa, a liƙa, a maido maka. In ba ka taɓa ba da hoton yatsu ba, ko shekara 10 ta cika tun da ka bayar, akwai wannan ma, da kuɗinsa dala 85 da neman ranar ganawa. Ɗalibin da ya ga an rubuta kwana 20 ya ƙirga kwana 20 a kalanda ya yanki tikitin hutun Disamba, ranar tafiya na iya zuwa fasfonsa yana cikin ambulan tsakanin birni da birni. Shi ya sa ma'aikatar da ke buga ƙaramar lambar ita ce kuma ke cewa a nema aƙalla wata 2 kafin tafiya. Ban taɓa jin mai bidiyo ya karanto wannan layin ba, ga shi kuwa ya fi lambar mako amfani nesa ba kusa ba.

Ɗalibin da ya yi gajen haƙuri ya fita ba tare da sabuwar biza ba, izinin karatunsa na nan da rai, makarantarsa na jiransa, hayar ɗakinsa na tafiya, amma kamfanin jirgi ba zai ɗauko shi ba, domin fasfo suke dubawa. Sassauci ɗaya da dokar ta yi shi ne ga wanda ya je Amurka kawai, ko tsibiran Saint-Pierre da Miquelon na Faransa da ke gaɓar Newfoundland, ya dawo kai tsaye kafin izinin zamansa ya cika. Shi yana iya komawa ko bizar fasfonsa ta mutu. Wanda ya ƙara wata ƙasa ta uku a cikin tafiyar, ko ta kwana ɗaya ce, ya fita daga wannan sassaucin.